FARFESA SEN-JORJI: MALAMIN DA YA TONO SIRRIN TSOKA DA AMFANIN TATTASAI

A yau za mu tsallaka zuwa ƙasar Hangari da ke tsakiyar Turai, domin mu kawo muku tarihin wani malamin jami'a mai suna Albert Szent-Györgyi. Ana furta sunan kamar Sen-Jorji, kuma haka za mu riƙa rubuta shi don sauƙin karatu.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai albasa a Bawku, ko dillalin shanu a Yendi, ko mai doya a Salaga da wani Bature da ya rasu tun 1986? To, abubuwan da mutumin nan ya yi suna da su a duniya kayan kasuwarmu ne, wato tattasai da tattabara da naman zomo. Da su ya tace bitamin C, kuma da su ne shi da ɗalibansa suka gano abin da ke sa tsoka ta motsa, abin da ke ba ɗan dako ƙarfin ɗaga buhun masara, yake kuma sa zuciya ta yi ta bugawa dare da rana. Bayan haka akwai darasi a cikin yadda ya koyar da ɗalibansa, wanda ya shafi 'ya'yanmu da ke karatun kimiyya a makarantun arewacin Gana.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Sen-Jorji a birnin Budapest ranar 16 ga Satumba, 1893, wato shekara guda bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga a 1892, har fatake da malamai suka yi ƙaura zuwa Kete-Karachi da sauran garuruwa. Mahaifinsa mai gonaki ne, ita kuwa mahaifiyarsa 'yar gidan malamai ce, domin mahaifinta da ɗan'uwanta Mihály Lenhossék duk farfesoshi ne na ilimin sassan jikin ɗan Adam a Budapest.

Yaron bai nuna alamar hazaƙa ba da farko, har sai da aka riƙa ɗauko masa malamai a gida kafin ya ci jarrabawa. Sai da ya kai wajen shekara 16 sannan ya farga, ya kama littattafai gadan-gadan, ya ce shi likita mai bincike zai zama. Kawun nasa bai yarda zai iya ba. Amma bayan ya shiga makarantar likitanci a 1911, kawun ya karɓe shi a ɗakin bincikensa, ya ɗora shi a kan nazarin fatar dubura. A kan wannan ne ya rubuta takardarsa ta farko ta kimiyya a 1913, kuma har tsufansa yakan yi raha da cewa shi ta baya ya faro ilimi.

A 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, yaƙin nan da ya kawo ƙarshen mulkin Jamusawa a Yendi. Aka tura Sen-Jorji fagen daga a matsayin mai jinyar sojoji. Da ya gaji da ganin ana karkashe matasa a banza, a 1916 sai ya harbi kansa a hannu, ya ce abokan gaba ne suka harbe shi. Aka mayar da shi gida jinya, ya yi amfani da wannan dama ya kammala karatun likita a 1917, kuma a shekarar ya auri matarsa ta farko, Kornélia Demény.

Yawon neman ilimi

Da yaƙi ya ƙare aka yayyanka ƙasar Hangari, ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na faɗinta. Garin Pozsony, inda ya samu aikin jami'a, ya wayi gari a cikin wata sabuwar ƙasa, shi ne Bratislava na yau. Mu da muke zaune a bakin iyaka mun san yadda layin da wasu suka zana a takarda kan raba mutum da gonarsa da kasuwarsa. Daga nan Sen-Jorji ya shiga yawo da matarsa da 'yarsu ƙarama, daga Prague zuwa Berlin, zuwa Hamburg, zuwa Leiden, har ya yada zango a Groningen ta ƙasar Holan daga 1922 zuwa 1926, cikin talauci da ɗan albashin da ba ya kai wata.

A Groningen ne ya kama wata tambaya da kowace mai tuyar doya za ta gane. Me ya sa idan an yanka dankali ko ayaba aka bar su a iska sai su yi duhu, alhali lemo da kabeji ba sa yi? Ya lura cewa ruwan lemo na ɗauke da wani abu da ke jinkirta wannan rinewa. Ya kuma tuna da wata cuta da ke sa fatar mutum ta yi duhu idan wani ɗan ƙululu da ke saman ƙoda ya lalace. Da ya bincika ƙululun, sai ya tarar da irin wannan abu a cikinsa.

A 1926 abubuwa suka dagule masa a wurin aiki, har ya kusa fid da rai da bincike. Ya tafi wani taron masana a birnin Stockholm, inda babban malamin nan na Ingila, Frederick Gowland Hopkins, ya ambaci sunansa fiye da sau ɗaya a cikin jawabinsa, alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Bayan jawabin ya je ya gabatar da kansa, Hopkins kuwa ya gayyace shi jami'ar Kambirij. A can ne ya tace sinadarin, ya buga sakamakonsa a 1928. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya raɗa masa suna mai ma'anar sukarin da ban sani ba. Editan mujallar ya ƙi. Ya sake kawo wani mai ma'anar Allah masani, shi ma aka ƙi, sannan aka daidaita a kan wani suna na kimiyya. Daga nan ya yi shekara guda a asibitin Mayo na Amurka, inda manyan mayankan yankin suka riƙa ba shi ƙululun ƙodar dabbobi, amma duk wahalar da ya sha abin da ya tara bai wuce giram 25 ba.

Tattasai da kyautar Nobel

A 1930 ya koma gida ya zama farfesa a jami'ar garin Szeged, wanda ake furtawa Seged. Garin ya shahara da noman jan tattasai kamar yadda Bawku ta shahara da albasa. A 1931 wani matashi ɗan Amurka mai asali da Hangari, Joseph Svirbely, ya zo wurinsa neman aiki. Matashin ya ƙware a gwajin wata tsohuwar cuta da ta karkashe dubban ma'aikatan jiragen ruwa a ƙarnonin baya, wadda ke sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, miki ya ƙi warkewa. An daɗe da sanin cewa lemo na maganinta, an kuma raɗa wa abin da ke cikin lemon suna bitamin C, amma ba wanda ya taɓa riƙe shi a hannu. Sen-Jorji ya ba matashin ragowar garin da ya kawo daga Amurka. Aka ciyar da ɓerayen Masar abinci marar ganye, waɗanda aka ba garin suka tsira, waɗanda ba a ba su ba suka kamu. A watan Afrilu na 1932 suka sanar da duniya cewa garin nan shi ne bitamin C. Wani malamin Amurka, Charles Glen King, wanda Svirbely ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ya buga irin wannan sanarwa mako biyu kafin tasu, aka kuma yi shekaru ana jayayya a kan wanda ya riga.

To sai dai garin ya ƙare, kuma babu manyan mayanka a Seged. Wata rana da dare matarsa ta kawo masa ɗanyen tattasai a cikin abinci. Bai ji sha'awar ci ba, kuma ba ya son ɓata mata rai, sai ya ce zai kai shi ɗakin gwaje-gwaje, tunda bai taɓa gwada shi ba. A daren ya gano cewa tattasai cike yake da bitamin C. Cikin 'yan makonni shi da ma'aikatansa suka tace fiye da kilo ɗaya. Maimakon ya ɓoye, sai ya rarraba wa masana a ƙasashe daban-daban, ciki har da Norman Haworth na Birmingham, wanda ya gano ƙirar sinadarin a 1933. Daga nan aka fara haɗa shi a masana'antu, shi ya sa a yau ƙwayar bitamin C take da araha a kowane kyamis.

A cikin waɗannan shekaru yana kuma niƙa naman ƙirjin tattabara, domin ya ga yadda tsoka take ƙona abinci da iskar da muke shaƙa. Ya gano wasu daga cikin matakan wannan ƙonewa, waɗanda Hans Krebs ya ɗora a kansu ya kammala bayanin a 1937. A wannan shekara ta 1937 aka ba Sen-Jorji kyautar Nobel ta fannin likitanci, yana ɗan shekara 44. Da Tarayyar Sobiyet ta kai wa ƙasar Finlan yaƙi a ƙarshen 1939, sai ya ba da lambar zinariyar tasa gudummawa ga mutanen Finlan. Wani ɗan ƙasar ya saye ta, ya mayar da ita gidan tarihi na Budapest.

Yadda tsoka take motsi

Mutum da yawa idan ya samu irin wannan ɗaukaka sai ya miƙe ƙafa. Shi kuwa sai ya bar batun bitamin, ya koma ɗalibi a wani sabon fage, wato tsoka.

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan yi bayani. Jan naman da mahauci ke yankawa shi ne tsoka, kuma a jikin namiji baligi takan kai wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Idan aka dafa nama ya yi luguf, mukan ga yana rabuwa sili-sili. Kowane sili dami ne na wasu zarurruka, kuma kowane zare ƙwayar halitta ce guda ɗaya, doguwa, wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba. Tsoka iri uku ce: wadda ke manne da ƙashi muke sarrafa ta da nufinmu, da ta zuciya wadda ke bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda, da ta hanji da jijiyoyin jini wadda ke aikinta ba tare da saninmu ba. Duk aikinsu ɗaya ne, su tsuke su saki. Tambayar da ta gagari masana ita ce, mene ne a cikin zaren yake tsukewa, kuma me yake biyan kuɗin aikin?

Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya tatso wani sinadari mai yauƙi daga nama ya kira shi mayosin. A 1939 wasu masana biyu na Mosko, Engelhardt da Lyubimova, suka nuna cewa mayosin na farfasa wani ƙaramin sinadari da ake kira ATP. Shi ATP kamar kuɗin kashewa yake a cikin jiki. Tuwo ko doya ko waken da muka ci, tsoka ba ta amfani da su kai tsaye, kamar yadda wanda ya shigo da sefa daga Sinkansi sai ya bi ta wurin 'yan canji kafin ya yi sayayya a Tamale. A cikin ƙwayoyin halitta ake canja abinci ya koma ATP, kuma shi kaɗai tsoka take karɓa.

Wannan labari na Mosko shi ya zaburar da Sen-Jorji. Shi da mataimakiyarsa Ilona Banga suka riƙa niƙa naman zomo suna jiƙa shi a ruwan gishiri. A 1941 suka lura da wani abu. Idan naman ya yi minti 20 a jiƙe, ruwan da aka tace yakan fito tsararo. Idan kuwa ya kwana, sai ya fito da kauri da danƙo, amma da an zuba masa ATP sai kaurin ya tafi. Sen-Jorji ya ba ɗalibinsa Brunó Straub aikin gano dalili. A 1942 Straub ya gano cewa a cikin dare wani sinadari na biyu ne yake fitowa daga naman ya manne wa mayosin. Suka raɗa masa suna aktin.

Sai Sen-Jorji ya ɗauki wannan haɗi na aktin da mayosin, ya feso shi cikin ruwa ya zama siririn zare, ya ɗiga masa romon dafaffiyar tsoka. Zaren nan, wanda ba shi da rai, ba jini, ba jijiya, ya tsuke a gaban idonsa. Da ya bi diddigi, sai ya tarar abu uku ne a cikin romon suke aikin, wato ATP da gishirin fotasiyam da na magnisiyam. Wannan shi ne karo na farko da aka ga motsi irin na mai rai ya auku a cikin kwalba, kuma shi kansa ya ɗauki wannan rana a matsayin mafi daɗi a duk rayuwarsa ta bincike. Da yake ana tsakiyar yaƙi, a wata 'yar mujallar Seged suka buga sakamakon, sai bayan 1945 sauran duniya ta samu cikakken labari.

Abin da masana suka tabbatar daga baya shi ne, a cikin kowane zaren tsoka aktin da mayosin jere suke a layi, suna shiga tsakanin juna. Mayosin yana da wasu 'yan kawuna da ke aiki kamar hannun mai jan guga a rijiyoyin Salaga: ya kama igiya, ya ja, ya saki, ya sake kamawa gaba. Igiyar ita ce aktin, kuma kowane saki da sake kamu yana cin ATP guda.

Wannan bayani ya warware abin da mahautanmu suka daɗe da sani. Bayan an yanka sa da wasu sa'o'i naman yakan sandare. Dalili shi ne, numfashi ya tsaya, an daina ƙera ATP, hannuwan mayosin sun kama igiya sun kasa saki. Wani ɗan ƙungiyar Seged, Tamás Erdős, ya nuna alaƙar sandarewar da ƙarewar ATP tun a shekarun yaƙin. Idan aka bar naman a wuri mai sanyi, wasu sinadaran cikinsa sukan tsittsinka zarurrukan ya sake laushi. Akwai kuma abin da ya shafi aljihun masu safarar shanu. Dabbar da ta sha doguwar tafiya a mota daga Burkina Faso ko Nijar, cikin yunwa da duka, takan ƙone sukarin da tsokarta ta ajiye. Idan aka yanka ta a wannan hali, naman ba ya samun ɗan tsamin da ke kare shi, sai ya fito da duhu, kuma ya fi saurin lalacewa. Shi ya sa masana nama suke ba da shawarar a bar dabba ta huta, ta sha ruwa, kafin a kai ta kwata.

Malami da ɗalibansa

A zamanin da Sen-Jorji ya isa Seged, farfesa a Hangari tamkar sarki yake, ɗalibi ba ya tunkararsa, aikinsa kawai ya rubuta abin da aka faɗa ya haddace. Shi kuwa ya zo da wata ɗabi'a daga Kambirij. Yana wasanni tare da ɗalibai, ƙofarsa a buɗe take, kuma ya fi son ɗalibin da zai yi masa gardama da hujja. Da ya zama shugaban jami'ar a 1940 zuwa 1941, ya goyi bayan kafa ƙungiyar ɗalibai da wurin taruwarsu da wasan kwaikwayonsu, abin da ya jawo masa suka daga masu ra'ayin riƙau. A wata maƙala da ya rubuta a mujallar Science a 1964, ya bayyana cewa littafi shi ne ma'ajiyar ilimi, don haka bai kamata makaranta ta mayar da kan yaro rumbu ba, aikinta shi ne ta koya masa yadda ake neman sani, ta kuma sa masa ƙishirwarsa.

Ɗalibansa su ne shaidarsa. Straub ya shigo ɗakin gwaje-gwajensa yana saurayi ɗan ƙasa da shekara 20, kuma yana da shekara 28 ya gano aktin. Malamin ya bar shi ya buga aikin da sunansa. Wannan Straub ɗin ya zama babban masani, har ya riƙe muƙamin shugaban majalisar shugabancin ƙasar Hangari daga 1988 zuwa 1989. Ita kuwa Ilona Banga, a 1940 ta zama mace ta farko da ta kai matsayin babbar malama a jami'ar Seged. Lokacin da sojoji suka cika garin a ƙarshen yaƙi, ita ce ta tsare kayan ɗakin binciken, inda ta lilliƙa sanarwa a ƙofa cikin harsuna uku cewa ana aikin cututtuka masu yaɗuwa a ciki, ba wanda ya yi ƙarfin halin shiga.

Gudun hijira da sauran rayuwarsa

Gwamnatin Hangari ta bi bayan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, abin da Sen-Jorji ya ƙi jini. Ya taimaki abokansa Yahudawa su tsere. A 1943 ya tafi Istanbul da sunan gabatar da lacca, alhali da sanin Firayim Minista Miklós Kállay ya je ne ya gana da wakilan ƙawancen Ingila a asirce. Asiri ya tonu, Hitler da kansa ya nemi a kama shi. Bayan Jamusawa sun mamaye Hangari a watan Maris na 1944, ya shiga ɓuya daga gida zuwa gida. Ƙasar Suwidin ta ba shi fasfo, ya fake a ofishin jakadancinta na ɗan lokaci, ya kuma sulale kafin a kai samame. Haka ya rayu har sojojin Sobiyet suka shiga Budapest a farkon 1945.

Bayan yaƙi ya zama farfesa a Budapest kuma ɗan majalisa, yana fatan ƙasarsa za ta samu 'yanci. Da ya ga 'yan gurguzu sun fara kame mutane, har da amininsa István Ráth, sai ya bar ƙasar a 1947 ya koma Amurka, ya kafa cibiyar binciken tsoka a wani ƙaramin garin bakin teku mai suna Woods Hole.

A can ne a 1949 ya fito da wata dabara da ɗaliban jami'a suke cin moriyarta har gobe. Ya yanko doguwar tsokar nan mai laushi da ke kwance a jikin ƙashin bayan zomo ta ciki, ya jiƙa ta a ruwan gilisirin da aka sirka rabi da rabi, irin gilisirin da matanmu ke shafawa lokacin hunturu, ya ajiye a cikin sanyin ƙanƙara. Gilisirin yakan huda fatar ƙwayoyin halittar, ATP da sauran abubuwa su fice, amma aktin da mayosin su zauna a jerensu, kuma naman yakan yi watanni bai lalace ba. A jami'o'i da dama a yau, ɗalibin ilimin halittu yakan tsefe siririn zare daga irin wannan nama da allura, ya shimfiɗa a gilashi, ya auna tsawonsa da rula. Ya ɗiga ruwan gishirin kaɗai, ba abin da zai faru. Ya ɗiga ATP tare da gishirin, kafin minti guda zaren ya tsuke, ya sake aunawa ya rubuta bambancin. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar hadda.

Wani abin lura shi ne, da irin wannan nama aka gyara wa Sen-Jorji kuskurensa. Shi yana ganin zarurrukan ne da kansu suke nannaɗewa su gajarce. A 1954 Hugh Huxley da Jean Hanson, da kuma Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, suka nuna cewa tsawon zarurrukan ba ya canjawa, zamewa suke yi a tsakanin juna. Ya daɗe bai gamsu ba, amma hujja ta tabbata a wajensu.

A shekarun ƙarshe ya koma binciken cutar daji, wadda ta kashe matarsa ta biyu, Márta, a 1963, da 'yarsa tilo a 1969. Ra'ayoyinsa a wannan fage ba su samu karɓuwa kamar na baya ba, kuma ya sha fama da rashin kuɗin bincike, domin ba ya yarda ya rubuta wa masu ba da tallafi alkawarin abin da zai gano. Ya yi ta sukar yaƙin Biyetnam da tara makaman ƙare-dangi. Ya rasu a Woods Hole ranar 22 ga Oktoba, 1986, yana da shekara 93. A 1987 aka sa wa jami'ar likitanci ta Seged sunansa.

Abin da ya shafe mu

Jama'a, tun 1992 aka kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba a Tamale, kuma tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017 yaran zango da na ƙauyukanmu suka ƙaru a azuzuwa. Jarrabawar WAEC ta kimiyya kuwa tana da ɓangaren gwaji da hannu. Yaron da ya yi shekara uku yana kwafar hoton zuciya daga allo, bai taɓa riƙe ta ba, da wuya ya yi gogayya da wanda ya saba da ɗakin gwaje-gwaje, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. A nan ne ake rasa gurbin karatun likita da na jinya da na likitan dabbobi, sai mu ci gaba da jiran wasu su zo daga kudu su duba mu.

Gina ɗakunan gwaje-gwaje da sayen madubin ganin ƙananan halittu nauyin gwamnati ne, kuma ya kamata mu riƙa tuna wa 'yan majalisarmu da shugabannin gundumomi. Amma tarihin Sen-Jorji ya nuna cewa kaya da yawa suna hannunmu. Sarkin fawa zai iya aika wa malamin kimiyya zuciyar rago da idon sa da ƙafar kaza, yara su feɗe su ga yadda jijiya ke jan yatsa. Mai kayan miya za ta iya ba da tattasai da lemo da 'ya'yan kuka, waɗanda su ma suna da bitamin C sosai. Idan aka dama ɗan sitaci a ruwa aka ɗiga masa aidin na wanke ciwo, sai ya koma baƙi-baƙi. Ruwan da ke da bitamin C yakan wanke wannan launi, kuma da ƙirga ɗigo yaro zai gane wanne ya fi, ɗanyen tattasai ko wanda ya daɗe a wuta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suke tara kuɗi don biki da jaje za su iya ware wani abu don firij ko madubi guda a makarantar garinsu.

Haka kuma idan yaro ya dawo hutu, bayan mun tambaye shi na nawa ya zo, mu tambaye shi abin da ya gwada da hannunsa. Idan ya cika tambaya, kada mu yi saurin cewa rashin kunya ce. Wanda bai fara da ƙoƙari ba, kada mu cire shi mu tura shi tasha, domin shi ma Sen-Jorji sai da ya kai shekara 16 kansa ya buɗe. 'Yan mata kuwa, mu tuna cewa hannun Ilona Banga ne ya tace ruwan naman da aka gano aktin a cikinsa.

A nan za mu dakata. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba da tarihin wani bawan Allah. Mu kasance lafiya, a yi ciniki lafiya.